Giris Ba Ya Tare Ruwa: Ƙorafi a Kan Masu Kashe Kyamara da Hannunsu

Shekarun baya, a wani jirgin ruwa na masu nutso da ya yada zango kusa da Sha'ab Rumi, arewa da Port Sudan a Bahar Maliya, na ga wani abokin tafiya ya hawo matakalar jirgi yana riƙe da akwatin kyamararsa da hannu biyu, fuska a murtuke. Ta cikin gilashin akwatin ana hango ruwa yana kai da kawowa kamar miya a kwano. Wurin kuwa yana da daraja ga duk mai ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku, domin a nan ne Jacques Cousteau ya kafa gidajensa na cikin ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda suna kwana a zurfin kimanin mita 10, kuma har yau ragowar ginin tana nan murjani ya lulluɓe ta. Bawan Allah ya yi tanadin kuɗi da na hutu saboda wannan rana, sai ga shi a nutson farko ruwan gishiri ya cinye masa kyamara da gilashinta da batirinta, kayan da kuɗinsu ya isa sayen ƙaramar mota.

Da aka buɗe akwatin ba a sha wahalar gano mai laifi ba. Silin gashi ne guda ɗaya, kwance a gicciye a kan zoben robar da ke zagaye da ƙofar, ya manne cikin giris mai kauri. A daren da ya gabata na gan shi da idona yana lafta wa zoben giris kamar mai shafa wa yaro mai a lokacin hunturu, da wani ya tanka masa sai ya ce gara ya yi yawa da ya gaza. Amma da ruwa ya shiga, kamfanin da ya ƙera akwatin ya yi ta zagi har muka koma tudu.

Ni ma na taɓa zama ɗan wannan makaranta ta lafta giris, saboda haka ƙorafin nan har da kaina nake yi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne: ruwan da ke shiga akwatin kyamara, in ka bi sawunsa, yawanci a hannun mai akwatin zai kai ka, kuma abubuwa biyu da mutane suka fi ɗauka a matsayin kulawa, wato yawan giris da kulle akwati gam a lokacin ajiya, su ne kan gaba wajen jawo ɓarnar. Wanda bai taɓa sa ƙafa a teku ba ma yana da rabo a maganar, domin irin wannan zoben ne a bakin tukunyar gas ɗinsa da famfon gidansa da injin motarsa.

Yadda zoben yake aiki

Zoben roba, wanda masu sana'a ke kira da sunan harafin O saboda kamanninsa, ba tsohon abu ba ne. Niels Christensen, ɗan asalin Denmak da ya zauna a Amurka, shi ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1939, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta karɓe fasahar saboda jiragen yaƙi. Daga nan zoben ya bazu. Kyamarar Calypso da injiniya Jean de Wouters ya tsara wa Cousteau, wadda kamfanin Nikon ya mayar da ita Nikonos a 1963, da irin wannan zobe take tsare kanta daga ruwa. Akwatunan yau, na roba mai tauri ne ko na alminiyam, ba su canza dabarar ba.

Dabarar kuwa mai sauƙi ce. Ana sassaƙa wani siririn kwarmi a gefen ƙofa, a kwantar da zoben a ciki. Kaurin zoben ya ɗan fi zurfin kwarmin, saboda haka idan aka rufe ƙofa sai a matse shi, ya ragu da kimanin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na kaurinsa. Roba ba ta son matsi, kullum ƙoƙarinta ta koma siffarta, kuma wannan yunƙurin komawar shi ne ke danna ta a jikin ƙofa da jikin kwarmi har ruwa ya rasa hanya. Wannan ne kariya ta farko.

Kariya ta biyu teku ne da kansa ke bayarwa. Duk mita 10 da mai nutso ya sauka, ruwa yana ƙara matsin kimanin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, alhali iskar da ke cikin akwati tana nan yadda aka rufe ta a sama. Ɗauki ƙofa mai tsawon santimita 15 da faɗin santimita 10. A zurfin mita 30, nauyin da ke danna ta ya kai kilo 450, kwatankwacin buhun siminti tara. Wannan matsi yana tura zoben ya cusa shi a kusurwar kwarmi ta ɓangaren ciki, ya toshe duk wata 'yar kafa. Wato gwargwadon zurfi gwargwadon ƙarfin rufewa, muddin ba a wuce iyakar da aka ƙera akwatin a kanta ba.

Daga nan ne wani abu ke fitowa wanda sababbin shiga ke mamaki: wurin da akwati ya fi rauni shi ne saman ruwa da mita kaɗan na farko, da kuma bahon ruwan daɗi da ake ɗauraye kaya a ciki bayan an fito. A nan babu matsin teku da zai taimaka, zoben yana tsaye ne da ƙarfin kansa kaɗai. In robar ta gaji, ko wani abu ya shiga tsakaninta da ƙofa, a nan asiri ke tonuwa. Silin gashi kaurinsa bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma idan ya kwanta a gicciye sai ya ɗaga robar a gefensa biyu, ya buɗe wa ruwa 'yan hanyoyi guda biyu daga waje zuwa ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa tsagar da ido ba ya gani ma ta ishe shi.

Aikin giris da abin da ba aikinsa ba

A duk bayanin da ya gabata ba a ambaci giris ba, kuma ba mantuwa aka yi ba. Roba ce ke tare ruwa. Giris aikinsa ɗaya ne: ya sa zoben ya yi santsi, domin ya zame ya zauna daidai a kwarminsa lokacin da ake rufe ƙofa, kada ya murɗe ko ya tsinke ko ƙofa ta cije shi, kuma ya iya matsawa idan teku ya tura shi. Abin da ake buƙata don wannan bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A sa a tsakanin yatsa biyu, a ja zoben a hankali har ya zagayo, ya yi ƙyalli kawai. In ana ganin farin giris a jikinsa, ya yi yawa.

Mai lafta giris yana ganin kamar yana liƙe tsaga ne, irin yadda magini ke cike ɓaraka da siminti. Giris ba ya daskarewa, kuma ba shi da ƙarfin tsayawa gaban matsin ruwa, sai dai ruwa ya ture shi ya wuce. Abin da ya iya da gaske shi ne kama datti. Yashi, gashi, zaren tawul, ɓurɓushin gishiri, duk abin da ya taɓa shi ya manne, sannan kaurinsa ya ɓoye wa ido abin da ya kama. Da zoben abokin tafiyata yana da ƙyalli kawai, da wuya silin gashin nan ya tsira daga idonsa a ƙarƙashin fitila.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ta shafa giris ɗin da bai dace ba. Zobba ba daga roba iri ɗaya ake yin su ba. Akwai na naitiril, akwai na silikon, akwai wasu. Robar silikon idan aka shafa mata giris na silikon tana tsotse shi ta kumbura ta yi laushi, har zoben ya fi ƙarfin kwarminsa, ya riƙa fitowa ƙofa tana cizonsa. Shi ya sa kamfanonin da ke amfani da zoben silikon suke haɗo shi da wani giris na daban. Basilin da sauran mayukan da aka samo daga man fetur suna kumbura robar silikon da wasu ire-iren roba, ko da yake naitiril yana jure musu. Launin zobe kuma ba hujja ba ne, domin kowane kamfani da launin da ya ga dama. Akwai ma ƙofofin da masu ƙera su suka ce kada a shafa wa zobensu komai. Saboda haka al'adar nan ta jirgin ruwa, ta "ɗan sam mini giris ɗinka", karamci ne da ke iya kashe kyamara. Giris ɗin da ya zo da akwatinka, ko wanda takardar akwatin ta ambata, shi kaɗai ne naka.

Haka abin yake wajen ciro zoben. Na sha ganin manyan mutane masu digiri suna zaƙulo shi da bakin wuƙa ko sukudireba. Rauni biyu ke nan a lokaci guda, ɗaya a jikin roba, ɗaya a jikin kwarmi. Zobe ana sake shi da kuɗi kaɗan, amma kwarmin da aka karce ya zama tabo na dindindin a jikin akwati. Hanyar da ta dace ita ce a danna zoben da yatsa biyu a tura su wuri guda har ya yi ɗan tozo a kama, ko a yi amfani da gefen katin roba marar kaifi. Kwarmin kuma a goge shi da soso ko ƙyalle marar zubar da zare. Audugar goge kunne, wadda kowa ke ɗauka don tsafta, tana barin irin zaren da ake gudu.

Ajiya, inda ake kashe zobe a hankali

Yawancin masu akwatin kyamara ba kullum suke nutso ba. Mako ɗaya ko biyu ne a shekara, sauran watannin akwati yana cikin kabad. Ke nan zoben ya fi daɗewa a ajiye fiye da cikin ruwa, kuma a can ne lafiyarsa ke tabbata ko ta lalace, ba tare da kowa yana kallo ba.

Hankali yana raya wa mutum cewa ya rufe akwati gam, ya danna makullansa, don kada ƙura ta shiga. Wannan kuskure ne. An riga an faɗa cewa ƙarfin zobe yana cikin yunƙurinsa na komawa siffarsa. Roba idan ta daɗe a matse sai ta saba da matsin, ta baje, ta daina yunƙurin. Wanda ya taɓa ɗaga kujera daga kan kafet bayan shekara ya ga ramin da ƙafarta ta bari ya san abin da ake nufi. Zoben da ya yi wata goma a matse yana iya fitowa da gefe a shafe maimakon a mulmule, ya zauna a kwarmi lafiya lau, ƙofa ta rufu ba gardama, har ma ta fi sauƙin rufuwa fiye da da. Wannan sauƙin shi ne alamar cutar. Zafi kuma yana gaggauta ta.

Abin da ya kamata, idan ajiyar za ta yi tsawo, shi ne a ciro babban zoben ƙofa da na bakin gilashi, a goge su, a shafa musu ɗan giris, a sa kowanne a ledarsa mai zif, a kwance, ba a murɗe ba, ba a ninke ba. Wasu kamfanoni sun fi son a bar zoben a kwarminsa amma a bar ƙofa ba a kulle ba, kuma manufar ɗaya ce, kada roba ta kwana a matse. Wanda ya ciro zobe sai ya ajiye ledar a cikin akwatin inda dole ya gan ta, ko ya liƙa wa ƙofar takarda, domin an sha shiga ruwa da akwatin da babu zobe a jikinsa sam. Kada a rataye zobe a ƙusa, domin nauyinsa yana miƙa shi a wuri ɗaya.

Bayan matsi, maƙiyan roba su ne zafi da hasken rana da iskar ozon. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta adana kayan roba, ISO 2230, ta ba da shawarar wuri mai duhu da zafin da bai kai digiri 25 ba, nesa da na'urorin da ke haifar da ozon. Ita ozon tartsatsin lantarki ne ke samar da ita, irin na injinan da ke juyawa da wasu na'urorin buga takardu, kuma tana farfasa robar naitiril, musamman inda robar take a miƙe. Ƙananan tsagogin da ake gani a gefen tsohuwar tayar mota aikinta ne. A nan mai karatun da zai dawo da kayansa Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yana da ƙarin aiki a kan takwaransa na ƙasar sanyi. Zafin watan Afrilu a garuruwan nan yana haura digiri 40, ɗakin ajiya mai rufin kwano ko but ɗin mota kuwa ya fi haka nesa. Ƙurar hunturu tana ratsa kowace kafa, zobe mai giris da aka bari a fili kuma maganaɗisu ne gare ta. Ɗakin da ake ajiye janareta da jarkar fetur, wanda a gidaje da yawa shi ne ɗakin tarkace, ya haɗa zafi da tururin mai da tartsatsi, babu wurin da ya fi shi muni ga roba. Aljihun kabad a ɗaki mafi sanyi a gida, cikin leda a rufe, ya wadatar.

Kafin ajiya kuma akwai bashin gishiri. Ruwan teku idan ya bushe yana barin ƙananan duwatsun gishiri masu kaifi. Kowane maɓalli da kowane abin murɗawa a jikin akwati yana da nasa ɗan ƙaramin zobe a ciki, kuma a babban akwati sukan kai gommai. Waɗannan mai akwati ba ya iya ciro su, abin da ke hannunsa kawai shi ne ya jiƙa akwatin a rufe cikin ruwan daɗi, ya yi ta danna maɓallan a cikin ruwan har gishirin ya narke, tun kafin ya bushe. Wanda ya watsa wa akwati ruwa sama-sama ya shanya shi a rana ya jefa a jaka, ya ajiye wa kansa wuƙaƙe a ƙarƙashin kowane maɓalli, suna jiran dannawar farko ta shekara mai zuwa. Su ma ƙananan zobban suna tsufa, shi ya sa ake mayar da akwati wurin masu gyara lokaci-lokaci a sake su baki ɗaya.

A jirgin sama ma kada a kulle akwati da zobensa. Matsin iska a cikin jirgi ya yi ƙasa da na doron ƙasa, sai iskar cikin akwati ta yi ta neman fita, ta tura zoben ta ɓangaren da ba a ƙera shi don tsarewa ba. In ta sami fita, da an sauka sai ƙofa ta manne ta ƙi buɗuwa.

Abin da masu jayayya za su ce

Za a ce yawan ciro zobe da mayar da shi ma yana lalata shi, yana miƙa shi, kuma kowace cirewa dama ce ta shigar datti. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a riƙa ciro shi duk sa'ad da aka sake batir ba. Wanda ya buɗe ƙofa a ɗaki mai tsafta ya ga zoben fes, dubawa ta ishe shi. Wanda ya shiga ruwa daga gaɓa mai yashi kuwa dole ya ciro ya wanke. Abin da ba ya faɗuwa a kowane hali shi ne dubawa: fitila mai haske, ido a kan zoben tun daga farko har ya zagayo, sannan ido a kan fuskar ƙofar da zai haɗu da ita. Yatsa yana jin tsaga da yashin da ido ya tsallake. A duba kuma ko igiyar kyamara ko gefen 'yar jakar tsotse danshi da ake sawa a ciki saboda raɓa bai leƙo bakin ƙofa ba.

Za a ce kuma zamani ya wuce wannan wahala, tunda yanzu akwai na'urar zuƙe iska. Ana zuƙe wani ɓangare na iskar cikin akwati da ɗan famfo, wata fitila ta nuna kore idan matsin ya tsaya, ta koma ja idan iska tana shiga. Lalle babu wani ci gaba da ya ceci kyamarori kamar wannan, kuma duk mai hali ya kamata ya saka ta, har ma tana janyo ƙofa ta matse zoben tun a sama, inda aka ce akwati ya fi rauni. Sai dai abin da take shaida shi ne cewa a wannan lokaci iska ba ta shiga. Ba ta san shekarun robar ba, ba ta san abin da zai faru idan aka murɗa wani maɓalli mai gishiri a zurfin mita 25 ba, kuma yoyo mai siriri yana buƙatar a ba shi mintuna kafin fitila ta tona shi. Wanda ya zuƙe iska ya ga kore ya faɗa ruwa nan take bai yi gwaji ba, ya dai kunna fitila.

Za a ce akwai inshora. Inshora tana iya biyan kuɗin kyamara bayan makonni. Hotunan da ba a ɗauka ba, da sauran kwanakin tafiyar da mutum zai yi yana kallon abokansa suna ɗauka, babu takardar da ke mayar da su. Ga mai binciken halittun ruwa ko mai shirya fim da ya ɗauki hayar jirgi, wannan ita ce asarar gaske.

Hujja ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi a zuciyar mutane, kuma ita ce mafi haɗari: "Shekara goma ina yin haka, ruwa bai taɓa shigar mini ba."

Zoben da ya fi kowanne suna

Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tashi daga jihar Filorida ta Amurka, ya tarwatse bayan daƙiƙa 73, mutum bakwai da ke ciki suka rasu, har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Kwamitin bincike ya gano cewa zobban roba ne suka gaza a mahaɗar ɗaya daga cikin rokoki biyu da ke ɗaga kumbon. Kaurin kowane zobe kimanin milimita 7 ne. An wayi gari da sanyi mai tsanani, zafin iska a lokacin tashi kimanin digiri 2, robar ta sandare ta kasa bin motsin ƙarfe ta toshe kafa, iskar wuta ta sami hanya. A zaman kwamitin da aka nuna a talabijin, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar ya tsoma a ruwan ƙanƙara, ya nuna wa duniya cewa ba ta komawa siffarta da sauri. Yunƙurin komawar nan da muka yi ta magana a kansa, shi ne ya ɓace.

Ba na cewa kyamara da rayukan mutane ɗaya ne, kuma matsalar Challenger ta haɗa da aibi a tsarin mahaɗar kanta. Abin da ya haɗa labaran biyu shi ne yadda aka karanta gargaɗi. Tun a tafiye-tafiyen baya an riƙa samun alamun ƙuna a jikin zobban bayan an dawo da rokokin. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗi, kuma a daren jajibirin tashi sun ba da shawarar kada a tashi a sanyin da ya yi ƙasa da kimanin digiri 12. Aka yi watsi da shawarar. Kowace tafiya da aka dawo lafiya duk da ƙunar sai ta zama hujjar cewa ƙunar ba komai ba ce. Masaniyar halayyar al'umma Diane Vaughan ta yi littafi a kan wannan a 1996, inda ta nuna yadda ma'aikata masu ilimi da kyakkyawar niyya ke sabawa da saɓa ƙa'ida a hankali har saɓawar ta zama ita ce ƙa'ida.

Mai shekara goma yana lafta giris a wannan matsayi yake. Zoben roba abu ne mai haƙuri, yana yafe datti kaɗan da tsufa kaɗan da sakaci kaɗan, teku kuma yana taya shi da matsi. Shekara goman shaida ce ga haƙurin zoben. Sau da yawa ma gargaɗin ya zo: ɗigo biyu a ƙasan akwati da aka ce raɓa ce ba tare da an ɗanɗana an ji ko akwai gishiri ba, maɓallin da ya fara nauyi, ƙofar da ta fara rufuwa da sauƙi fiye da da. Ruwa ba ya tsami banza. Likita da injiniya da akanta da ke karanta wannan sun san irin waɗannan ɗigo biyu a wuraren aikinsu, kuma sun san sau nawa ake kiransu raɓa.

Zobe ba shi da tsada. Kuɗinsa bai kai na abincin rana a tashar jirgin sama ba, kuma masu ƙera akwatuna da dama suna ba da shawarar sake babban zoben duk shekara ko shekara biyu. Ina ganin arahar ce ma ta jawo masa raini, domin mutum yakan auna kulawarsa da farashin abu, sai ya goge gilashi sau goma ya kalli zobe sau ɗaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saboda haka wanda yake da akwati a kabad, ya je yau ya buɗe makullansa, ya ciro zoben ya ja shi a hankali a ƙarƙashin fitila. In ya ga tsaga, ko gefe a shafe, ko ya ji shi yana danƙo ko ya yi tauri, ya yanke shi da almakashi kafin ya jefar, don kada wata rana a jirgin ruwa ya ga kamar zai ƙara yin nutso ɗaya. Ya sayi sababbi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana, ya rubuta kwanan wata a jikin ledar. Ranar da zai koma teku kuma, nutson farko ya yi shi da akwatin babu kyamara a ciki, ya sa 'yar takarda busasshiya a madadinta, ya danna kowane maɓalli a zurfi. In takardar ta fito a bushe, sai ya sa kyamara. Lokacin rufe ƙofa kuwa, ya nemi wuri mai haske, ya zauna, kada ya amsa wa kowa magana har sai makulli ya faɗa.